Kunun Gayyar Haladu

Ni da kuke gani yau ina dogara sanda, a da in na ɗora tukunya a Jahun unguwa gaba ɗaya sai ta san na ɗora. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma ba a taɓa raina ni a gaban murhu ba. Ubana makiyayi ne da ya gaji da yawo ya zauna ya kama noma, uwata kuma mai nono ce. A hannunta na koyi tsabtar ƙwarya, a hannun kakata na koyi kunun zaƙi. Suna ko biki, in ana so a fita kunya, ni ake aiko wa. Mijina ya rasu ina da sauran ƙarfi, na riƙe kaina da kunu, ban taɓa zuwa ƙofar wani roƙo ba. Sunana ba zan faɗa ba, wanda ya san ni ya san ni. Ku samari da 'yan mata, ku nake so ku saurara, don abin da zan faɗa har yau bai bar ni ba.

Allah bai bar min ɗan da na haifa ba, amma ina da Haladu. Shekarar da jaririyata ta koma, a shekarar maƙwabciyata ta rasu wajen haihuwa ta bar shi. Nonona na zuba, shi yana kuka, aka miƙo min shi ta kan danga. Ni na shayar da shi, ni na goya shi har na yaye shi, sannan ya koma gidan ubansa. Inna yake ce min. Ya tashi dogo, mai kunya, ba ya haɗa ido da babba. Ko goro ba ya ci.

Da aka yi mana jiha aka ce Dutse ce hedikwata, sai kowa ya kwashi komatsansa ya nufi can. Garin da muka sani da duwatsu da dabino ya wayi gari ko'ina tarin yashi ne da bulo, leburori kamar an yi kiransu. Ni ma na bi, na kama ɗaki, na kafa tebur kusa da wani gini mai hawa. Da farko na yi ciniki. Sai na lura da wata mai kunu can gefe, kunun nata tsararo kamar ruwan wankin gero, amma layi ne a gabanta, ni kuwa sai korar ƙuda. Abin ya ci min rai. Ku ji da kyau, kada wani ya ce talauci ne, ina da abin da zan ci. Girman kai ne. Ni, a ce wannan ta fi ni kunu?

Wani mai tallan magunguna a kan keke, mai fara'a, kullum Hajiya yake ce min alhali ko Kano ban cika zuwa ba, shi ya buɗe min sirrin. Ya ce ba hannu ta fi ni ba, ƙwaya take sawa. Ya ce maganin gajiya ne kawai, direbobi ma suna sha, lebura in ya sha sai ya yi aikin mutum biyu, ai taimako ne. Ya ba ni kaɗan a ƙullin leda, kyauta, ya ce in gwada. Na tura ledar ƙarƙashin tabarma, na daɗe ban taɓa ta ba, ina jin kamar kunama na ajiye. Ranar da na ga birkilan da ya fi kowa yabon kununa ya wuce ni ya tafi wurin waccan, a ranar na daka ƙwayar.

Na koma yin bokiti biyu. Ɗaya na kowa da kowa, ɗayan kuma na ɗaura wa ludayinsa jan zare. Masu so ba sa kiran suna, sai dai su ce a ba su mai zare. Ɗacin ƙwayar na kashe shi da citta da kanumfari har ba mai ganewa. Kafin wani lokaci layi ya dawo gabana, waccan ta tattara ta canza wuri, na ji sanyi a raina. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba. Kun san mai kunu ba ta sauke tukunya sai ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. To mai zare bai taɓa zuwa bakina ba, da ido nake auna shi. Akwai wani mai faci a bakin titi, Ɗan'azumi, wanda ya fi kowa sha a wurina. Wata rana ya tsokane ni, ya ce wai ni wace irin mai kunu ce da ba a taɓa ganin leɓena ya jiƙe ba. Na ce masa azumi nake. Ya ce lallai azumin nan nawa ya fi na watan Ramadan tsawo. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Wata damina Haladu ya zo har Dutse ya durƙusa ya ce an ba shi mata, zai kai gayya gonar surukinsa, kuma ni yake so in yi kunun. Ku da kuka tashi a birni bari in faɗa muku. Gayyar suruki ita ce saurayi ya tara abokansa da fartanyoyinsu su nome gonar uban yarinya a yini ɗaya, da makaɗa, 'yan mata na kallo daga bakin gona. A nan ake auna saurayi. In rana ta faɗi gona ba ta ƙare ba, ya sha zolaya har tsufansa. Gonar mutumin nan kuwa faɗi gare ta, ciyawa ta ci ƙarfinta. Na ce a raina ɗana ba zai ji kunya ba, gayyarsa sai an yi shekaru ana labarinta. Ban gaya masa komai ba. Na dama kunu cike da babban masaki na zuba ƙwaya, shi kuma na ware masa nasa mai kyau a 'yar jarka, da niyyar in ja shi gefe in ba shi.

Abin da na manta, ni da na tashi a cikin al'adar, shi ne ba a ware wa mai gayya nasa. In aka sauke masaki a gindin bishiya, shi ne zai fara tsoma ludayi ya sha a gaban kowa, sannan ya miƙa wa abokansa. Zaman Dutse ya sa na saba da kowa da kofinsa. Ina isa da jarkar, babban abokinsa ya karɓe ta yana dariya, ya ce yau ba ɗan gata, ya juye ta cikin masakin. Suka jawo Haladu. Surukinsa na tsaye, dattawa na zaune, makaɗa sun tsaya suna jira. Ya ɗebo, ya dube ni ya ce, "Bismillah, Inna, hannunki mai albarka ne." Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da shi. Amma in na ce kada ya sha, sai an tambaye ni dalili a gaban surukai, sai sunana ya zube a garin da ake girmama ni. Na ja bakina na yi shiru. Ya sha, ya ƙara.

Ranar Haladu ya yi noman da ba a taɓa gani ba. Ya kama kuyya ya fita kafin na kusa da shi ya kai rabi. Gumi na zuba, idonsa ja, yana dariya shi kaɗai. Makaɗi ya bi shi da ganga yana kiransa Barde, 'yan mata suka ɗauka da tafi. Kafin la'asar gona ta ƙare. Kowa sai sa min albarka yake. Ni kuwa ina can gefe ina wanke masaki.

Bayan girbi ya biyo ni Dutse neman aikin lebura don haɗa kayan aure. Na zuba masa kunun kowa, ya kurɓa ya ajiye kofin, ya ce ba wannan ba, irin na ranar gayya. Na ce ai shi ne. Ya ce a'a, wancan in mutum ya sha ji yake kamar iska ke ɗauke da shi. Wani lebura da ke kusa ya nuna masa ludayi mai zare da baki. Na hana shi, na yi faɗa, na yi kuka. Ya nemi waccan matar ya same ta, daga can ya san mai keke da kansa, daga ƙwaya ya kai ga abubuwan da ni ma ban san sunansu ba. Ya bar salla, ya fara ɗauke-ɗauke, aka fasa auren. Danginsa suka ba shi abinci da maganin barci a ciki, ya farka a wani ƙauye wurin mai magani da marin ƙarfe a ƙafarsa. Ya karya ya gudo da rauni a idon sawu. Daga nan ya shige cikin duwatsun bayan gari inda masu shaye-shaye ke taruwa. Sunan Haladu ya ɓace, sai Barde. Za ku ce a nan na daina. Ban daina ba. Na ce wanda ya lalace ya riga ya lalace, na ci gaba da ɗaura zare.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. Masu giya suka rufe, masu caca suka ɓuya. Ni na ce ai kunu nake sayarwa, wa zai zargi tsohuwa cikin hijabi? Na dai cire zaren, na koma gane ludayin da 'yar tsagar da ke bakinsa. Wata safiya wani lebura, magidanci daga wajen Garki, ya sha ya ƙara a kan cikin da ba komai, ya ɗauki kwanon siminti ya hau bene. Ina kallonsa yana tafiya a kan katako kamar a tsakar gidansu, har da waƙa. Ƙarar faɗuwarsa har yau tana kunnena. Ba ta ma yi ƙarfi ba, kamar an yar da buhun gero. Kafin a ɗauki gawar, abokan aikinsa duk sun juyo suna kallon teburina. Ban gudu ba.

Aka tafi da ni da bokitin. Babban ɗan sandan ya tambaye ni ko kunu ne zalla, na rantse shi ne. Ya ce to ga ludayi, in sha su sallame ni. Na dubi ludayin, na dubi ƙasa. Ban iya ba. Wannan ita ce shaidar da ta kama ni kafin ma a gwada komai. A ɗakin da aka tsare mu mata na ta faɗar abin da za a yi min, wata ta ce hannu ne, wata ta ce rai ne a bakin rai. Na zauna ina juya hannuna na dama ina kallonsa. Ranar shari'a yayan mamacin ya miƙe, wani siririn tsoho da hula ta koɗe, ya ce su ba sa neman jinina, sun bar ni da Allah. Mutane suka ce na tsira. Ni kuwa da ya ce a kashe ni da na fi samun barci, don wanda aka bar ni da shi ba a ɓoye masa ludayi. Alƙali ya tura ni gidan yari.

Shekarun da na yi can ba zan tsaya lissafa muku ba. Abu ɗaya zan faɗa. An kawo wata mata da ta saba da ƙwaya, a ciki kuwa babu. A jikinta na fara ganin abin da nake sayarwa. Rawar sanyi cikin zafin bazara, amai, tana yagar fatarta tana cewa tururuwa na yawo a ciki. Ni ce babba a ɗakin, aka bar min ita. Na riƙe ta, na shafa mata ruwa, na ba ta abinci a baki har ta dawo hayyacinta. Sai ta tambaye ni laifina. Da na faɗa mata, sai ta ja tabarmarta ta koma ɗaya bangon. Daga ranar na fara salla irin ta mai tsoro. Kullum in na sa goshi a ƙasa Haladu nake gani yana wannan rawar sanyin a cikin duwatsu, ba mai riƙe shi.

Da aka sake ni ba wanda ya zo tarya. Jahun ba ta shiguwa, na zauna a Dutse ina surfe da wankau. In na ba yaro ruwa, uwarsa sai ta karɓa ta zubar. Ina cikin wannan hali Ɗan'azumi mai faci ya yi sallama. Da ƙyar na gane shi, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya ce ya bar shaye-shaye bayan ya kusa mutuwa, kuma yanzu duk Juma'a bayan la'asar irinsa suna taruwa a rumfar facinsa, direbobi da 'yan acaɓa da leburori. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. Wanda ya koma ya faɗa, ba a zaginsa, sai dai a haɗa shi da wani ya riƙa leƙa shi. Ya ce suna kuma hawa duwatsu wurin 'yan uwansu da abinci, kuma suna neman mai dama musu kunu. Na tambaye shi ko ya manta ko wace ce ni. Ya ce don bai manta ba ya zo. Ya ce, "Ke kika san su ɗaya bayan ɗaya, Inna, kin san mai son kauri da mai son tsararo. Kuma Barde yana can." Ya ce ba ya sauraron kowa, raunin marin nan ya zama gyambo, ƙafar ta kumbura har gwiwa, ya ƙi asibiti don yana zaton ɗaure shi za a yi. Ya ce in damina ta same shi a kogon nan da wannan ƙafar, ba zai ga kaka ba.

Ya koya min yadda suke yi. Ba a zuwa da hukuma, ba a zuwa da igiya, ba a yin wa'azi sai an tambaya. Da hantsi ake zuwa, lokacin da abin ya sake su yunwa ta kama. In an je a zauna a ƙasa, kada a tsaya a kansu. Babbar dokar kuwa, wanda ya kawo abinci shi zai fara ci a gabansu, saboda da yawansu da abinci dangi suka kama su.

Ranar farko ina hawa ina addu'a. Wurin wani tsagi ne tsakanin manyan duwatsu, ga kwalabe, ga ledoji, ga wari. Mutanen da na sani da ƙarfinsu suna ɗaukar bulo, na same su kamar itacen da gara ta ci. Suka gane ni nan take. Wani ya ce mai zare ta dawo. Wani ya ce gidan yari ya karɓe ni, har na yi fari. Wani ya tambaya yau da zare ko babu, in babu in koma da abina. Na zauna a ƙasa, na buɗe bokiti, na cika ludayi na shanye a gabansu. Can wani ya miƙo gwangwaninsa.

Haladu yana can sama a kan wani falalen dutse, ya ba mu baya. Gashinsa ya cukurkuɗe, ga wuƙa a ƙugunsa, ga ƙuda a kan ƙafar. Na kira shi da sunansa na gaskiya, bai waiwayo ba. Na zuba masa a ƙwarya na ajiye a ƙasan dutsen. Da muka dawo wani zuwan, na tarar da ita a kife. Haka muka yi ta yi. Wasu suka fara biyo mu rumfar faci, wasu suka zo suka koma. Shi kuwa kullum ƙwarya a kife, ƙafa na ƙara kumburi, gabas ta fara haɗa hadari.

Sai wata rana ina cikin rabo na ji wurin ya yi tsit. Na ɗaga kai, ga shi yana saukowa yana jan ƙafa. Ya zauna a gabana, kusa har ina jin zafin zazzaɓin jikinsa. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya miƙo, na cika masa. Na kai hannu zan fara sha, ya janye. Ya zura hannu a aljihu ya fito da ƙwayoyi kala-kala da 'ya'yan zaƙami, wannan tsiron da ke haukata mutum. Ya murƙushe su a kan dutse da gindin wuƙarsa, a hankali, kowa na kallo, ya share ya zuba a ƙwaryar ya juya da yatsa. Sannan ya ɗebo da ludayina ya miƙo min.

"Mai gayya ke fara sha, Inna," in ji shi. "Yau ke ce mai gayya."

Ashe ya sani. Tun yaushe, ban sani ba. Ɗan'azumi ya matso ya ce a hankali dokarsu ba ta kai nan ba, in tashi mu tafi. Haladu bai ko dube shi ba. Ya ce in na tashi kada in ƙara hawowa, kuma kada wani ya ƙara.

'Ya'yana, ba mutuwa na fi tsoro ba a lokacin. Na taɓa ganin wanda ya sha zaƙami ya tuɓe tsirara a tsakiyar kasuwa yana kamun abin da babu mai ganinsa sai shi, yara na bin sa da jifa. Ni da ko a gidan yari ba a taɓa ganin kaina ba ɗankwali ba, a ce ƙarshena ke nan a titin Dutse? Sai na tuna wannan tsoron ne dai, tsoron idon mutane, ya rufe min baki a gindin bishiyar nan ranar gayya. Na miƙe a kan gwiwa na sake ɗaura zanena, na ƙulle shi tamau. Na ce wa Ɗan'azumi in hankalina ya fita ya ɗaure ni da rawaninsa ya rufe ni, kada ya bari a ga tsiraicina. Na karɓi ludayin. Na ce, "Bismillah, Haladu." Na kai baki na haɗiya.

Ban kai ga kurɓa ta biyu ba ya doke ludayin, ya yi sama ya faɗa kan dutse ya tsage. Ya shure ƙwaryar da ƙafarsa mai ciwo. Ya kama kafaɗuna yana girgiza ni yana cewa in tofar, in tofar. Na riga na haɗiye. Daga nan abubuwa suka fara juyawa, duwatsu suka yi kamar suna numfashi, harshena ya yi nauyi. Abin da na iya tunawa shi ne na ji an ɗaga ni, fuskata a kan bayan wani mai zafi kamar garwashi. An ce mutane sun yi ta miƙo hannu su karɓe ni ya ƙi. Da wannan ƙafar ya sauko da ni daga duwatsu a goye, har bakin titi, yana ta cewa a tsayar da mota. Hawan da aka yi ta yi don a sauko da shi, ƙarshe da ƙafarsa ya sauko.

Na farka a asibiti, zanena a ɗaure yadda na ɗaura shi. Na waiga, ga shi zaune a ƙasa jikin bango. Ya ƙi tafiya sai ya ga ko zan tashi, ma'aikatan kuma suka ga ƙafar suka lallaɓa shi har ya yarda aka wanke ta. Ba wanda ya ɗaure shi. Daga can Ɗan'azumi ya kai shi bayan rumfarsa, 'yan Juma'a suka riƙa karɓa-karɓa wajen zama da shi lokacin da rawar sanyin ta zo. Ni na riƙe kansa. Ya zage ni, ya kira ni da sunan da ba zan maimaita ba, na riƙe dai. Ya taɓa komawa duwatsu, aka bi shi aka zauna kusa da shi har ya dawo. Ƙafar ta warke amma da ɗingishi. Yanzu shi ke ɗaukar bokiti in za a hau, kuma shi waɗancan suka fi saurara, don sun san inda ya kwana.

Kada wani ya ce zai kwaikwayi abin da na yi. Likita ya ce da na ƙara kurɓa ɗaya da sai dai a yi min sutura. Ɗan'azumi ya yi min faɗan da ko ubana bai taɓa yi min ba, kuma tun daga ranar suka ƙara doka, ba mai karɓar komai daga hannun wanda aka je wa. Ba jarumtaka na yi ba. Bashin kurɓa ne da na ƙi biya tun a gindin bishiya.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah Ya karɓa, amma tsoro bai bar ni ba. Mutumin Garki ya bar 'ya'ya, ban san inda suke ba, ban san me zan ce masa ba ranar da za a tsayar da mu. To ku ji nan. Duk wanda ya miƙo muku abu ya ce na ƙarfi ne, na karatu ne, na manta damuwa ne, ku dubi bakinsa, ku ce ya fara sha, ko ya sha ma ku bar masa abinsa. Kada ku ce ai babba ne, ai mace ce, ai mai salla ne. Ni uwa ce, da nonona na raini wanda na shayar da guba. Ke mai sana'a, abin da ba za ki iya kaiwa bakinki ba kada ki kai bakin ɗan wani, ko layin duniya ne a gaban maƙwabciyarki. Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada ya jira a zo da igiya. Ya nemi waɗanda suka fita, suna nan a kowane gari, sun san hanyar. Ku masu ɗan uwa a cikin duwatsu, ku je masa da rana, ku zauna a ƙasa, kada ku yaudare shi da abinci.

Haladu yana zuwa gaishe ni duk safiya, yana share min ƙofa, in ba ni da lafiya shi ke kai ni asibiti. Bai taɓa ce min ya yafe ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba. Ina dama masa kunu yadda yake so, mai kauri, da citta kaɗan. Yana karɓa da hannu biyu, ya ce an gode Inna. Sannan ya riƙe ƙwaryar a kan gwiwarsa yana kallon ƙasa, har sai na ɗauki ludayi na fara sha.